CHPS: Tsarin da ya kai nas-nas ƙauyuka da zanguna a arewacin Gana

CHPS, wanda mutanen Gana ke kira "cips", tsari ne na kiwon lafiya a matakin farko da ke zaunar da nas a cikin al'umma, tana bin gidaje maimakon ta jira marasa lafiya a asibiti. An faro shi ne a jihar Upper East mai hedikwata a Bolgatanga, ya zama manufar ƙasa a 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Gana ce ke gudanar da shi. Tushensa shi ne cewa yawancin abin da ke kwantar da mutum a gida yake farawa: ruwan sha, abinci, sauro, tazarar hanya da kuɗin magani.

Asalin tsarin

Garin Navrongo yana da nisan kimanin kilomita 30 daga Bolgatanga, kusa da iyakar Burkina Faso. A can ne aka yi gwajin bai wa yara sinadarin bitamin A daga 1989 zuwa 1991, wanda ya rage mutuwar yara da kusan kashi 19 cikin 100. Daga baya wurin ya zama Cibiyar Binciken Lafiya ta Navrongo. Gwajin gidan sauro mai magani da ya biyo baya shi ma ya rage mutuwar yara da kashi 17 cikin 100.

A 1994, ƙarƙashin jagorancin Dakta Fred Binka, cibiyar ta fara wani gwaji a gundumar Kassena-Nankana. An raba gundumar gida huɗu: wani yanki aka zaunar da nas-nas a ƙauyuka, wani aka yi aiki da 'yan sa-kai da sarakuna, na uku aka haɗa duka biyun, na huɗu aka bar shi yadda yake. A inda nas ta zauna cikin mutane, mutuwar ƙananan yara ta ragu da fiye da rabi cikin shekara 3. Inda aka dogara ga 'yan sa-kai kaɗai ba a ga irin wannan ragin ba. Gundumar Nkwanta ta gwada tsarin daga 1998 ƙarƙashin Dakta Koku Awoonor-Williams, ta nuna yana aiki ko a inda babu kuɗin bincike, sannan gwamnati ta ɗauke shi.

Yadda nas ke aiki

Ana raba gunduma zuwa ƙananan yankuna. Bisa manufar 2016, yanki ɗaya bai kamata ya wuce mutum 5,000 ko gidaje 750 ba. A kowane yanki ana son a samu gini mai ɗakin duba marasa lafiya da ɗakin kwanan nas, a ba ta babur, a kuma kafa kwamitin mutanen gari da 'yan sa-kai masu taimaka mata. Kafin a fara aiki ana neman izinin sarki da dattawa, a yi taron gari a bainar jama'a.

Aikinta ya haɗa da awon yara da allurar rigakafi, duba masu ciki da masu jego, bayani kan tazarar haihuwa, gwajin zazzaɓin cizon sauro da maganin gudawa. Abin da ya fi ƙarfinta ta tura shi cibiyar lafiya ko asibitin gunduma, daga can kuma zuwa babban asibitin jiha a Bolgatanga. Makarantar horar da nas-nas masu aikin al'umma da ke Navrongo na cikin masu yaye waɗannan ma'aikata. Mai karatu a Nijar zai ga kamanceceniya da case de santé, a Burkina Faso kuma da CSPS, sai dai CHPS ya fi ba da ƙarfi ga ziyarar gida.

Abubuwan da ke tsara lafiyar mutane

Sanarwar Alma-Ata ta 1978 da Yarjejeniyar Ottawa ta 1986 sun nuna cewa lafiya ba a asibiti kaɗai ake samunta ba. A 2008 kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya da Michael Marmot ya shugabanta ya danganta ta da yanayin da ake haihuwar mutum, ya girma, ya yi aiki, ya tsufa. A arewacin Gana ana ganin haka ƙarara.

Damina ɗaya ce a shekara. Rumbuna kan yi ƙasa kafin sabon hatsi ya nuna, a daidai lokacin da sauro ke yawa, shi ya sa tamowa da zazzaɓi ke haɗuwa kan yara. Saboda haka ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariyar zazzaɓi wata-wata cikin damina. Da rani kuma zafi da ƙura kan zo da sanƙarau, abin da ya sa aka yi gangamin rigakafin MenAfriVac a jihohin arewa a 2012. Idan aka saki ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso, kogin White Volta kan cika ya ci gonaki, ya yanke hanyoyin zuwa asibiti.

Ruwan sha ya ba da misali mafi bayyana. Kurkunu ba shi da allura ko magani. Tace ruwa, haƙa rijiyoyin burtsatse da sa idon 'yan sa-kai ne suka kawar da shi. An ga mai cutar na ƙarshe a Gana a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙarewarta a 2015.

Zaman lafiya ma yana ciki. Rikicin sarautar Bawku tsakanin Kusasi da Mamprusi ya jawo dokar hana fita sau da dama, wasu ma'aikatan lafiya sun nemi a sauya musu wurin aiki, mai naƙuda da dare kuma kan rasa yadda za ta isa asibitin Presbyterian na garin.

CHPS a zanguna

An tsara CHPS ne da ƙauye a zuciya, inda sarki ɗaya da ƙabila ɗaya suke. Zangunan Bolgatanga, Bawku, Yendi da Salaga daban suke: gidajen haya masu cunkoso, banɗakin jama'a, kwatoci a buɗe, da fatake masu zuwa da tafiya. A nan nas na buƙatar Sarkin Zango, limamai, malaman makarantun allo da magajiyoyin mata. Hausa kan zama harshen da ya haɗa ta da Mosi, Zabarmawa, Fulani da sauran mazauna zango. Iyalan da ke zirga-zirga tsakanin Gana, Togo, Burkina Faso da Nijar su riƙa tafiya da katin rigakafin yaro, domin da shi nas ta kowace ƙasa za ta san allurar da ta rage.

Matsalolin da suka rage

Yankuna da yawa suna da sunan CHPS amma ba su da gini, babur ko kuɗin mai. Nas guda kan rasa lokacin bin gidaje idan marasa lafiya suka yi layi a ƙofarta, sai aikin rigakafi ya koma baya. Ma'aikata da dama na neman komawa kudu ko fita waje. Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, da aka kafa a 2003, da haihuwa kyauta da aka fara a 2008, sun rage nauyin kuɗi, amma jinkirin biyan asibitoci kan sa magani ya yanke. Katin inshorar yana buƙatar sabuntawa duk shekara, kuma ana iya yin hakan ta wayar hannu.