Na'urar nuna hanya a motocin yankin Jibiya

Na'urar nuna hanya wata 'yar kwamfuta ce da ake haɗowa da mota tun daga masana'anta. Tana gane inda motar take ta sigina daga taurarin ɗan Adam na GPS, aƙalla guda 4, sannan ta ba direba zaɓi: hanya mafi sauri, ko mafi gajarta, ko wadda ta kauce wa turbar da ba kwalta. Ana kuma iya sa mata wuraren yada zango.

A Bugaje da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, amfaninta ragagge ne. Yawancin motocin Kwatano taswirar Turai ko ta Amurka ce a cikinsu, sai direba ya ga kibiya tana yawo a allon da babu titi. Wadda ke da taswirar yankin takan nuna hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Magamar Jibiya da Ɗan Isa, amma ba ta sanin ko an rufe iyaka, kamar yadda aka yi a Agustan 2019 da Agustan 2023. Halin tsaron hanya kuwa, wanda ya fi komai muhimmanci, a bakin direbobin tasha ake jinsa.

GPS ba ya buƙatar layin waya, don haka bai tsaya ba lokacin da aka katse sadarwa a Jibiya a Satumban 2021.