Gurɓatar Muhalli a Anloga ta Kumasi: Wa Ke Biyan Kuɗinta?

Anloga unguwa ce a yankin Oforikrom na birnin Kumasi, kusa da unguwannin Zango irin su Aboabo. Ta samo sunanta daga garin Anloga na jihar Volta, domin 'yan ƙabilar Ewe ne suka fara zama a wurin. Daga baya Hausawa da sauran mutanen arewa suka shigo neman abinci. An san unguwar da kafintoci da masu yanka katako, kuma shekaru da yawa tana cikin manyan kasuwannin katako na Kumasi.

Yadda matsalar take

Aikin katako yana barin tarin dusar katako da guntaye. A Anloga wasu sukan ƙone su, wasu su mayar da guntayen gawayi, sauran kuma ruwan sama ya kwashe zuwa rafi. Rafin Aboabo da ke ratsa wannan ɓangare na gari yana ɗauke da shara da ruwan kwata, ya zuba a rafin Sisa, shi kuma ya gangara kogin Oda, inda manoma ke ban-ruwan kayan lambu da muke saye a kasuwa. Hayaƙin kuwa yana ɗauke da ƙura mai laushi da ke shiga can cikin huhu, tana tayar da asma da tari, tana ƙara haɗarin ciwon zuciya. Yara da tsofaffi ne suka fi jin jiki.

Abin da masana tattalin arziki suka gano

Tun a 1920 masanin Ingila Arthur Pigou ya bayyana cewa akwai asarar da mai sana'a ke jawowa amma wani ne ke biyanta. Wanda ya ƙone dusa ya huta da kuɗin kwashe ta, maƙwabcinsa kuma ya biya kuɗin asibiti. Tunda wannan asara ba ta shiga farashin kujera ko ƙofa, babu abin da zai sa mai ƙonawar ya daina. Shawarar Pigou ita ce hukuma ta ɗora haraji daidai da ɓarnar.

A rahotonsa na 2020, Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar muhalli tana ci wa Ghana kusan dala biliyan 6.3 a shekara, wato kusan kashi 11 cikin 100 na arzikin da ƙasar ta samar a 2017. Gurɓatar iska ce ta fi kowacce tsada, kuma tana kashe kimanin mutum 16,000 duk shekara.

Matakan hukuma

An kafa Hukumar Kare Muhalli ta Ghana da dokar 1994. A 2021 gwamnati ta ɗora harajin tsafta da gurɓata na pesewa 10 a kan kowace litar fetur da dizal. A 2024 aka fara karɓar harajin hayaƙin ababen hawa, amma jama'a suka koka da tsadar rayuwa, aka soke shi a 2025.

A Anloga kuwa wata hanya aka bi. Da za a gina titin Oforikrom zuwa Asokwa da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Faransa, sai aka tashi masu katako wajajen 2009 aka mayar da su Sokoban, a kudancin birni. Wannan ya rage cunkoson injuna a tsakiyar gidaje. Sai dai dusa takan bi injin duk inda ya koma, don haka sauya wuri kaɗai ba ya maganinta sai an samar mata masu saye, kamar masu kiwon kaji da masu curin makamashin girki.

Abin da ya rage gare mu

Tun 2018 Oforikrom take da majalisarta, kuma ita ke da alhakin kwashe shara da hukunta masu ƙona ta a fili. Mu mazauna muna da wakilai a wannan majalisa, ya kamata mu riƙa tambayarsu inda kuɗin tsafta ke tafiya. Ɗalibanmu kuma, ga jami'ar KNUST a maƙwabtaka: ƙidaya yaran da ke zuwa asibiti da ciwon numfashi a unguwanninmu bincike ne da zai ba shugabannin Zango hujjar da za su riƙe idan sun je gaban hukuma.