Daga Tandun Kwalli Zuwa Jambaki

Duk amaryar da aka rangaɗa wa kwalliya ranar kamu, fuskarta na ɗauke da abubuwa biyu waɗanda ba sa'o'in juna ba ne. Baƙin da ke idonta ya haura shekara 5,000 ana sa shi. Jan da ke leɓɓanta kuwa, a irin mazubin da ake murzawa ya fito, bai daɗe da cika shekara ɗari ba.

Mutanen tsohuwar Masar tun kafin fir'aunoni suke niƙa dutsen dalma a kan faffaɗan dutse su zizara a ido, maza da mata, har ana binne mamaci da mazubin kwallinsa. A 2010 masana a Faransa suka bayyana sakamakon binciken da suka yi wa irin waɗannan mazubai da ke gidan tarihi na Lubur a Faris: wasu sinadaran da ke ciki haɗa su aka yi da hannu, kuma suna taimaka wa ido wajen yaƙi da ƙwayoyin cuta. Ashe ado ne, magani ne kuma.

Musulunci ya ƙara wa abin daraja, domin hadisi ya kwaɗaitar da sa ismidi, cewa yana ƙara gani yana tsirar da gashin ido. Sunayen da muke kiransa da su ma sun nuna hanyar da ya biyo. Kwalli daga kuhul na Larabci yake, tozali kuma ɗan'uwan tazolt ne na Buzaye da Barbar. Shi dutsen kansa akwai shi a kwarin Binuwai da wajajen Abakaliki, fatake suna kai shi kasuwanni. A yi tandu na fata, a zuba garin, a rataye a ɗaki. Ranar Juma'a ko Sallah tsoho ya sa, budurwa ta sa, jariri ma ba a barinsa. A Nijar, samarin Wodaabe har yau suna zizara shi lokacin Gerewol, su kuma baƙanta leɓɓa don haƙora su ƙara haske.

Ja kuwa, wurin iyayenmu mata a haƙora yake. Mace ta tauna goro, ta goga furen taba, bakinta ya yi jawur, sannan ta ɗiga katambiri a kumatu da goshi. A ganina wannan ado ya cancanci a riƙa tunawa da shi, domin namu ne tun daga gona har fuska.

Jambaki baƙo ne. A Amurka Maurice Levy ya fito da mazubin ƙarfe a 1915, James Bruce Mason kuma ya yi rajistar mai murzawa a 1923, finafinai suka yaɗa shi duniya. A nan ƙasar Hausa, finafinan Indiya da aka fara nunawa a silimun Kano tun shekarun 1950 sun taka rawa wajen sauya yadda 'yanmata ke kallon ido da leɓe. Jagira da gazal da hoda suka shigo akwatin lefe, fure ya ja baya. Yau kwalliya sana'a ce da mata da yawa ke ci da kansu da ita.

Sai dai tsohon dutsen nan yana da illa. A 2011 aka sami gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Don Allah iyaye mata, a nisantar da kwallin dutse daga idon jarirai.