Hunturu

hunturu (suna, namiji, ba a yi masa jam'i)

1. Busasshiyar iska mai sanyi da ƙura da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara. Misali: "Inna, hunturu ya busa, a rufe wa jariri kai."

2. Lokacin da wannan iska ke kaɗawa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tsakanin kaka da bazara. Ɗari ya fi tsanani a Disamba da Janairu.

A Kajuru hazo kan lulluɓe duwatsu har hantsi. Da asuba yara kan kewaye murhu suna jin ɗumi, uwar gida ta ɗora ruwan wanka, don na randa ba ya taɓuwa. Leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, sai a yi ta shafa man kaɗanya. Mura da tari kuwa gida-gida. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki yana kisa, ga gobara, kuma abin takaici ne yadda ake sakaci da shi duk shekara.

Manoman Kafanchan da Kachia na maraba da hunturu, domin a cikinsa ake tsaga citta a shanya ta bushe sarai.

In mangwaro ya yi huda, zafi ya fara leƙowa, sai a shiga sharar gona ana duban gabas. Ruwan fari kan sauka a kudancin Kaduna wajen Afrilu, kafin Kano.

Duba: ɗari, jaura, bazara.