Daga Tafin Hannun Ungozoma Zuwa Na'urar Sikanin

Kakata ungozoma ce a wani ƙauye na ƙasar Minjibir, can wajen Wasai. Da tafin hannu take gane kwanciyar ɗa, ta san tagwaye, ta san wanda zai zo da ƙafa. Tawaya ce kaɗai hannunta ba ya gani. Sai ranar haihuwa a ga jariri da ƙaton kai ko ƙari a gadon baya, ɗaki ya yi tsit, kashegari a fara raɗe-raɗin ɗan ruwa ne, ko kuwa uwar ta cika fita da almuru. Ita dai uwar ke shan zargi.

To mai karatu, na'urar da ta leƙa inda hannu bai kai ba daga masana'anta ta fito, da irinta ake neman tsaga a jikin ƙarfe. Sauti take aikawa wanda kunne ba ya ji, in ya bugi abu ya dawo sai ya zama hoto. Likita Ian Donald na Gilasgo da injiniya Tom Brown ne suka juyo da ita kan cikin mata, suka fitar da sakamakonsu a 1958. A 1972 Stuart Campbell ya gano ɗan tayin da ba shi da ƙoƙon kai tun yana mako 17, a 1975 kuma ya gano buɗaɗɗen baya. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi hoton sau ɗaya kafin mako 24.

Mu kuwa da ta iso mana, tambaya ɗaya muka fi yi mata: mace ce ko namiji? Abin haushi.

Tambayar da ta kai ƙanwata Kano ke nan, cikinta na wata takwas, tana goyon ciki a gida. Mai hoton ya daɗe yana kallon allo bai ce uffan ba, can ya ce ruwa ya taru a kan yaron, kada a kuskura ta yi naƙuda a ɗaki. Tiyata aka yi mata a asibiti, daga baya aka sa wa yaron siririn bututun da ke janye ruwan. Yanzu har ya shiga makarantar allo.

Na kai wa kakata hoton. Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta miƙo min ta ce ita fa ba ta ga kowa a ciki ba.