Sanƙarau Da Magungunansa: Tarihin Da Ya Kamata Mu Sani

Duk wanda ya taso a Arewa ya san fargabar da ake shiga idan hunturu ya wuce, zafin bazara ya kankama. Lokacin sanƙarau ke nan. Yaro ya kwana da zazzaɓi da ciwon kai, gari ya waye wuya ya sanƙare, wani kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Yau za mu waiwayi yadda aka yi ta neman maganin wannan cuta, domin tarihin ya shafi irin yadda muke shan magani a yanzu.

A zamanin kakanninmu, kafin a samu magani, cikin mutum goma da suka kamu da sanƙarau bakwai ko fiye ne ke rasuwa. Sauƙi ya fara zuwa ne a ƙarshen shekarun 1930, da aka samu magungunan da ake kira salfa, ciki har da ƙwayar nan da dattawa suka sani da suna M and B. Mace-mace suka ragu ƙwarai. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana taswirar yankin da cutar ta fi addaba, wanda ya haɗa da Arewacin Najeriya da Nijar da Chadi da Sudan. A lokacin, salfa ce abin dogaro, ana ba marasa lafiya, ana kuma raba wa masu lafiya don kariya.

To amma ba a daɗe ba labari ya sha bamban. Cikin shekarun 1960 ɗin nan aka fara ganin ƙwayar cutar da salfa ba ta kashe ta. Yadda abin yake shi ne, duk lokacin da aka sha magani, ƙwayoyin cuta masu rauni ne ke fara mutuwa, masu taurin kai su saura. Idan ana yawan shan maganin, ko ana shan sa rabi da rabi, masu taurin kan ne za su hayayyafa su bazu cikin jama'a. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun a 1945 lokacin da ya karɓi lambar yabo ta Nobel.

A nan ne Zariya ta shigo cikin tarihin. A shekarun 1970, masu bincike a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Brian Greenwood da Hilton Whittle da abokan aikinsu 'yan ƙasa, sun duƙufa kan sanƙarau. Matsalar ita ce fenisilin na buƙatar allura sau da yawa a rana, ga marasa lafiya ɗaruruwa kwance a ƙasa, ga ma'aikata ƙalilan. A 1979 suka wallafa sakamakon da ya nuna cewa allura ɗaya ta kuloramfenikol mai haɗe da mai tana iya warkar da cutar. Wannan allura ta zama makamin yaƙi da annobar a faɗin yankin na tsawon shekaru.

Shekarar 1996 kuwa ba za mu manta da ita ba. Sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A wannan annobar ce kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano kan yara 200, inda 11 suka rasu, aka shiga shari'a kan batun izinin iyaye, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Tabon da wannan ya bari ya sa mutane da dama ɗari-ɗari da bincike da riga-kafi. Sai dai bincike mai tsafta bai tsaya ba. A 2003 gwajin da aka yi a Nijar ya nuna allurar seftiriyazon tana aiki daidai da kuloramfenikol. Riga-kafin MenAfriVac ya iso Najeriya a 2011, sannan a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV.

Ga inda gizo ke saƙar. Seftiriyazon ɗin da ake ceton mai sanƙarau da ita, ita ce yau ake tsira wa mutane a bayan kanta a kan ɗan zazzaɓi, da sunan taifot, ba tare da gwaji ba. Kafso mai ja da baƙi kuwa ana sayen guda biyu a tasha a kora da ruwan leda. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi muni.

Mu nan Kudu muna da hannu a ciki dumu-dumu. Cikinmu akwai masu kemis, akwai masu tallar magani, akwai 'yan kara da ke ɗura wa dabbobi irin waɗannan magunguna kafin a yanka. Iyalan yawancinmu kuma suna gida, inda sanƙarau ke dawowa duk bazara. Saboda haka muna kira: kada a sha waɗannan magunguna sai da umarnin likita, a shanye adadin da aka rubuta, mura ba ta buƙatarsu, kuma a kai yara riga-kafi. Mun taɓa rasa salfa aka samu madadi, amma sabon magani ba ya samuwa dare ɗaya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.

Sakataren Ƙungiya