Tarihin Ɓarzajjen Mustad na Faransa

Ɓarzajjen mustad mahaɗi ne mai ɗan yaji da tsami da Faransawa ke dangwala nama a ciki ko su kwaɓa ganye da shi. Ana jiƙa ƙwayoyin mustad, baƙaƙe ko masu ruwan ƙasa, a ruwan khal da gishiri, wasu kuma su ƙara farar giyar inabi, sannan a ɓarza su kawai. Ba a tace dusar, shi ya sa ƙwayoyin ke fashewa a haƙori, yajinsa kuma bai kai na mustad mai laushi ba.

Romawa ne suka yaɗa cin mustad a ƙasar da ta zama Faransa. Daga baya gidajen limaman Kirista suka riƙe sana'ar, kafin ta koma hannun 'yan kasuwa. A birnin Dijon an kafa ƙa'idar yin sa tun 1390, masu sana'ar kuma suka sami dokokin ƙungiyarsu a 1634. Sai dai Dijon ta yi suna ne da mustad mai laushi, wanda ake tacewa.

Ɓarzajjen ya fi shahara a Meaux, gabas da Faris, yankin da aka sani da haƙar duwatsun niƙa masu kyau. Kamfanin mustad na Pommery na cewa tun 1632 aka fara kai mustad na garin teburin sarki, kuma a 1760 wani babban limami ya damƙa wa iyalin Pommery sirrin haɗin. Irin wannan labari ba ya rasa gishirin talla, amma tukunyar yumɓu mai jan kaki a baki da ake sayar da shi a ciki ta zama alamarsa har gobe. A garin Beaune ma, gidan Fallot, wanda aka kafa a 1840, yana nan da dutsen niƙa, domin zafin injin mai sauri na kashe yajin ƙwayar.

Noman ƙwayar ya ja baya a Faransa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har akasarinta ta koma zuwa daga Kanada. Da fari ya afka wa gonakin Kanada a 2021, sai mustad ya yi wuyar samu a kantunan Faransa a 2022. Tun 2009 Tarayyar Turai ke kare sunan Moutarde de Bourgogne, wanda sai da ƙwayar da aka noma a yankin Bourgogne ake yin sa.